Yadda Ake Tayar da Tsohon Babur Roba-roba da Ya Daɗe a Jingine

Da wuya ka shiga tsohuwar unguwa ka rasa irinsa. Yana can a soro ko bayan ɗakin girki, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, tayoyi sun lotse, kaji sun mai da kujerarsa wurin kwana. In ka tambaya a ce maka na Baba ne, tun da ƙafa ta fara damunsa bai sake hawa ba. Sau da yawa in ka ɗaga tabarmar za ka tarar ƙaramar Honda ce, C50 ko C70 ko C90, wadda muke kira roba-roba saboda farar robar nan da ke kare ƙafar mahayi. Honda ta fara fitar da wannan samfuri a Japan a 1958 da sunan Super Cub, kuma zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Wannan yawan shi ne gatan mai gyara, don har yau ana samun kayansa, sabo da na hannu.

A kan C70 mai batir bolt 6 da kwantak, wato 'yan ƙarafan da ke sa fulogi ya ba da wuta a kan lokaci, zan yi bayani, shi na kwance da hannuna. Na farkon shekarun 1980 zuwa sama, masu bolt 12 da wutar CDI, wadda ɗan akwatin lantarki ke sarrafawa a maimakon kwantak, sun sha bamban a ɓangaren wuta, amma sauran aikin kusan ɗaya ne. Wanda kuma ransa ke kan tsohuwar Landiroba, irin Series III da aka yi daga 1971 zuwa 1985, shawarata ya fara koyon hannu a kan babur. Motar jikinta alminiyam ne, ba ya tsatsa, sai ta ruɗe ka da kyau alhali ƙarfen da ke ɗauke da ita a ƙasa ya ruɓe. Kuskuren da za ka yi a babur ka gyara da kuɗin cefane, a Landiroba sai ka sayar da fili.

Fara da masu shi, ba da sufana ba

In mai babur ya rasu, babur ɗin gado ne, ko da kuwa kaji ne ke kwana a kansa. Kada wani ɗa guda ya ce maka "ɗauka kawai" ka ɗauka. Ranar da ka gama fenti ya fito yana ƙyalli, ranar za ka san magada nawa mamacin ya bari. A zauna da su, a yi ciniki a gaban shaidu, in da hali da sanin mai unguwa, a rubuta takarda da lambar firam da lambar inji. Lambar inji tana ƙasan injin ta hagu, kusa da abin sa giya. Goge wurin da kananzir da tsohon buroshin haƙori har ta fito. In ka ga alamar an goge lamba da zarto ko an sake buga ta, bar musu kayansu, komai arahar. Tsohon rasit da tsofaffin takardun lasin, ko sun yage, karɓe su ka adana. Za su yi maka rana a ofishin lamba.

Duba ƙashi kafin tsoka

Firam ɗin roba-roba ba bututu ba ne tun daga kai har wutsiya. Bayansa faranti ne na ƙarfe da aka matse aka haɗa, shi ne kuma ya zama madgad ɗin baya. Nan ruwa da laka ke taruwa. Kwanta ƙasa da tocila, ka ɗauki sukuddireba kana caccakar cikin madgad, da inda shokozoba ke ɗaure, da kewayen sandar da ke riƙe ƙafar baya, da akwatin batir inda ruwan batir ke zuba ya ci ƙarfe. Tsatsar da ke bisa ba komai ba ce. Amma in sukuddireba ta faɗa ciki kamar ka soki biskit a wurin da shokozoba ke ɗaure, tsaya ka yi lissafi. Mai walda nagari zai iya yanke wurin ya sa sabon faranti, sai dai aikin na iya cin kuɗin wani babur ɗin. Sannan ka koma baya ka tsuguna, ka kalli tayar gaba da ta baya ko suna kan layi ɗaya. Babur ɗin da ya taɓa cin karo firam ya karkace, har abada gefe zai riƙa ja.

Kada ka buga kik

Nan ne yawancinmu muke kashe babur da hannunmu. Ni ma na yi. Ranar da na kawo nawa gida, yara sun kewaye ni, maƙwabci ya leƙo ta katanga yana cewa "zuba masa mai mana, Honda ce, bugu ɗaya za ta tashi." Na zuba, na hau kik da ƙarfina. A bugu na uku na ji wani ɗan ƙas, kamar an karya tsinken tsire. Bayan sati biyu da aka buɗe inji, ringi ya karye gida biyu, ya ja wa silinda zane mai zurfin da farce ke maƙalewa a ciki. Shekarun da babur ya yi a soro ba su yi masa abin da na yi masa a minti ɗaya ba.

Ga yadda ya kamata. Hura ƙurar da ke kewaye da fulogi, sannan ka cire shi. Silindar wannan inji a kwance take, tana kallon tayar gaba, don haka in ka zuba mai ta ramin fulogi ƙasa kawai zai jiƙa. Ɗaga tayar gaba ka ɗora a kan kifaffen turmi ko bulo, wani ya riƙe maka, ka jingina shi da bango yadda silinda za ta kalli sama. Zuba cokali biyu na baƙin mai gauraye da kananzir, ka mai da fulogi da hannu, ka bar shi kwana biyu ko uku. Bayan nan cire murfin hagu na inji, ka kama maganeto, wato zagayayyen ƙarfen da ke bayan murfin, da hannu ka gwada juya shi ta hagu, a hankali. In ya juya, alhamdu lillahi. In ya cije, rinƙa rausaya shi gaba da baya kaɗan-kaɗan, ka ƙara mai, ka ƙara kwana. Sati guda bai yi yawa ba. In ya wuce haka bai motsa ba, sai a cire kan silinda a ga abin da ke ciki, amma ban da dukan fistin da ƙarfe.

Da ya juya, kwance notin ƙasan inji da sufana mai lamba 17 ka zubar da tsohon mai a faranti mai haske, ka kai rana ka duba. In ya yi launin shayi da madara, ruwa ya shiga. In kana ganin ƙyalli kamar garin gwal, wani ƙarfe yana cinye ɗan'uwansa. Baƙi ƙirin kawai, wannan tsufa ne.

Leƙa salansa da akwatin iska tun yanzu. Zanzaro yana son bakin salansa, zai gina ɗakinsa na laka ya toshe shi ƙam, ka kwana uku kana zargin kafireto. A akwatin iskan nawa ɓera ne ya yi sheƙa da auduga da ɓawon gyaɗa.

Kayan aiki da tsarin kwancewa

Ba ka buƙatar gareji. Sufanu masu lamba 8, 9, 10, 12, 14, 17 da 19, sufanar fulogi, filaya, gudumar roba, da siraran ƙarafan aunawa masu kama da reza da makanikai ke kira fila geji. Ƙara da sukuddirebar duka, wadda ake buga wa guduma ta juya da kanta. Kusoshin murfin injin Honda na da, kansu mai kuros ne amma yankan Japan ne, sukuddirebar kasuwa ba ta zama daram a ciki, sai ta zame ta cinye kan. Kusa ɗaya da kanta ya cinye tana iya cin yininka.

Kafin ka cire komai, ɗauki hoto da waya: ta ina wayar totur ta bi, wace waya ta shiga wace, wace wosha ke gaban wace. Tara gwangwanayen madara, kowane ɓangare da nasa, ka rubuta a jiki. Kuma kada ka wargaza babur gaba ɗaya a rana ɗaya. Yawancin waɗanda ke ƙarewa a hannun 'yan gwangwan cikin buhu, haka aka fara da su. Gama ɓangare ɗaya, ka mayar, ka kama na gaba.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe: duk ƙarfen da ya zo da babur daga Japan, kada ka yar, kada ka bari a musanya maka. Na taɓa kai kafireto wajen wani bakanike a wanke mini, na dawo ya miƙo mini sabo fil a kwali yana murmushi, wai ya hutar da ni, tsohon ya mutu. Tsohon kuwa ƙirar kamfanin Keihin ne, na asali. Sabon bai yi wata uku ba ya fara yoyo, silo kuma, wato kaɗawar inji in ba a murɗa totur ba, bai taɓa zama ba. Ko da na koma neman nawa, an ce yaro ya share shago. Roba da fakin (takardar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo) da fulogi da taya, waɗannan a sa sabo. Ƙarfe kuwa a wanke shi a mayar.

Tanki

Yana ƙarƙashin kujera, ɗan ƙarami ne, cire shi ba wuya. Juye abin da ke ciki nesa da murhu. Tsohon fetur warinsa kamar na fenti yake, ya kan bar danƙo ja a ƙasa. Haska ciki da tocila, ba da ashana ba. In akwai tsatsa, zuba notuna kamar guda ashirin da ka ƙirga, da ɗan kananzir, ka toshe baki ka yi ta girgizawa kamar mai kaɗa nono. Juye, ka sake ƙirga notunanka. Wanke da ruwan omo mai zafi don maiƙo ya fita, sannan ka cika shi da farin ruwan khal ka bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Tsamin zai cinye tsatsar. In ka juye, ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe saurin tsamin, ka bi da ruwa mai kyau, ka shanya a rana tsaka nan take. Ƙarfen da aka wanke da tsami kafin la'asar ya fara ja in an bar shi da laima, don haka da ya bushe ka zuba ɗan fetur da cokalin baƙin mai ka juya ya shafe ko'ina.

Wani lokaci tsatsar ce ke toshe ƙananan huji, tana fita tanki ya fara zufa. In za a kai wa mai walda, a wanke shi sosai a cika da ruwa tukuna. Tankin da babu mai a ciki amma akwai tururinsa ya fi cikakke haɗari. Sauya tiyon mai, ka sa ƙaramar matata a tsakani, irin mai gilashin roba da ake ganin datti a ciki.

Kafireto

Shimfiɗa farin tsumma a kan tire, a nan za ka yi aikin, don akwai abubuwan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Cire kwanon ƙasa. Za ka ga fulot, wato abin da ke iyo a kan mai, da allurar da ke tsayar da mai, da jet guda biyu na tagulla: babba na gudu, ƙarami na silo. Kafin ka kwance kusar iska da ke gefe, ɗaure ta a hankali kana ƙirga juyi nawa ta yi kafin ta zauna, ka rubuta. Yawanci ɗaya da rabi ne ko kusa da haka. Kada ka matse ta, bakinta siriri ne.

Jiƙa ƙarafan a fetur mai tsabta ko maganin wankin kafireto na feshi, ban da robobi. Ɗaga ƙaramin jet ka kalli rana ta cikinsa. In ba ka ga ɗigon haske zagayayye ba, a toshe yake, kuma shi ne dalilin da ya sa tsohon babur ke tashi da cok ya mutu da an saki. Zaro silin tagulla ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki ka zura a hankali. Ban da allurar ɗinki, ban da wayar birki. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, zai faɗaɗa ramin, daga nan babur ya koma mashayin mai kuma ba gyara. Hura kowace kafa ta jikin kafireto da famfon keke har ka ji iska ta fita ta wani gefen. Girgiza fulot kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki ya huje. In bakin allura ya yi zobe kamar an ɗaure shi da zare, sauya ta, in ba haka ba kullum za ka tarar da tabon fetur a ƙasa.

Soson iska kuwa, in ka taɓa ya marmashe, nemi sabo. A ƙurarmu ta hunturu, injin da ke shaƙar iska ba matata kamar ana zuba masa samfefa ne.

Wuta

Sayi fulogi NGK C7HSA, ka auna tsakanin bakinsa ya zama milimita 0.6 zuwa 0.7. Jabunsa ya cika kasuwa, saboda haka je wurin wanda ka sani. Sa shi a hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji a inuwa, nesa da fetur, ka kunna makulli ka danna kik da hannu. Shuɗiyar wuta mai ƙara ɗas-ɗas ake nema. Ja mai rauni ko babu sam, to sai kwantak.

A jikin maganeto akwai taga. Juya shi har ka hango kwantak ta ciki, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin tsuntsu. Zama ya kan sa su yi fari ko kore. Naɗe samfefa mai laushi ka ja a tsakaninsu sau 'yan kaɗan, ka bi da farar takarda mai tsabta har ta daina fitowa da baƙi. Sau da yawa wannan kaɗai ke dawo da wutar da ta shekara goma da ɗaukewa. In sun buɗe iyakar buɗewa, tsakaninsu ya zama milimita 0.3 zuwa 0.4.

Sai lokacin wuta. A gefen maganeto an buga haruffa biyu, F da T, a jikin inji kuma akwai ɗan tsagi. Kwantak ya fara buɗewa daidai lokacin da layin F ya zo kan tsagin. Dabarar da ba ta buƙatar na'ura: maƙala siririyar leda tsakanin bakin kwantak, ka riƙe ta da ɗan ja, kana juya maganeto ta hagu sannu-sannu. Inda ledar ta suɓuce, nan ya buɗe. In ta suɓuce kafin F, rage tsakanin kaɗan. In bayan F ne, ƙara. Za ka yi sau biyar ko shida kafin ya zauna, kowa haka ya yi.

In babur yana tashi lafiya da sanyi amma da ya ɗau zafi ya fara tari yana yankewa, zargi kwandensa, wani ɗan gwangwani da ke tare da kwantak a bayan maganeto. Sauya ta sai an cire maganeto, shi kuma yana da abin jansa na musamman mai zaren hagu. Ara ko ka saya. Wanda ya ce zai fitar maka da shi da guduma da ƙarfen taya, karɓi babur ɗinka ka yi gaba.

Bawul, mai, da tashin farko

Ana saita bawul inji na sanyi. Buɗe murafai biyu zagayayyu da ke kan silinda, sama da ƙasa. Kawo layin T kan tsagi, ka taɓa 'yan sandunan da ke danna bawul. In duka biyun suna ɗan motsi, daidai kake. In a cije suke, ƙara juyi ɗaya cikakke. Sassauta noti mai lamba 9, ka zura geji na milimita 0.05, ka juya kusar har gejin ya riƙa wucewa da ɗan ja, ka riƙe ta ka ɗaure notin, ka sake aunawa don ɗaurewa na motsa ta. Bawul mai ɗan ƙara ya fi wanda aka matse. Na farko surutu ne kawai, na biyu ƙonewa yake.

In kana da hali, buɗe murfin dama na inji. A ƙasa akwai 'yar rariyar mai, a tsakiyar kuloci kuma akwai wani murfi da datti ke taruwa a bayansa ya daskare kamar ƙullun tuwo. Mutane da yawa ba su san da shi ba. Kankare, ka wanke, ka sa sabon fakin. Kada ka lafta gam. Hanyar da mai ke bi ya hau kan silinda ƙaramar kafa ce, ɗan guntun gam ya ishe ta toshewa. Zuba mai na babur mai alamar JASO MA a jikin galan, 20W-50 ya dace da zafinmu, domin kulocin a cikin mai yake wanka kuma wasu mayukan mota na sa shi santsi. Man da za ka zuba bai kai lita ɗaya ba, wajen 0.7 ne. Ana auna shi babur na tsaye a kan ƙafa biyu, a ɗora sandar awo ba tare da an murɗa ta ba.

Yanzu toshe ramin fulogi da babban yatsa ka sa wani ya taka kik. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, akwai matsi. Taka kik sau goma sha biyar babu fulogi don mai ya zagaya. Mai da fulogi, buɗe mai, ja cok, ka yi bisimilla.

In ya tashi, kada ka murɗa totur don maƙwabta su ji. Bar shi a silo. Bayan minti ɗaya sassauta murfin bawul na sama ka leƙa: in ka ga mai yana fantsama, mayar ka ɗaure. In a bushe yake, kashe nan take. Hayaƙi zai yi yawa da farko, man da ka zuba a silinda ne ke ƙonewa, ba shi minti goma sha biyar. Bayan nan hayaƙin zai gaya maka gaskiya. Baƙi, mai ya fi iska yawa, koma kan kafireto. Shuɗi da safe kawai sannan ya ɗauke, ta wajen bawul mai ke zuba. Shuɗi kullum, musamman in ka ba shi wuta, ringi ne. Faɗin silindar C70 milimita 47 ne, kuma ana samun fistin mai ƙarin 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00. Sayi fistin tukuna, ka kai wa mai borin, wato mai faɗaɗa ramin silinda, tare da silindar ya yanka daidai da shi, kuma a ɗauki mafi ƙanƙantar ƙarin da zai share zanen, don a bar wa gaba rabonta. In za ka cire kan silinda, lura da notuna huɗun nan: wosha ɗaya ta tagulla ce, inda ka ciro ta nan za ta koma. In kuma kana jin ƙarar shaka-shaka daga hagu, 'yar sarƙar cikin inji ce ta saki, galibi robobin da ke matse ta ne suka ƙare.

Kuloci, sarƙa, birki, taya

Roba-roba ba shi da kulocin hannu, shi ya sa iyayenmu mata da dattawa suka so shi. Saitinsa na jikin murfin dama. Sassauta notin, juya kusar dama juyi ɗaya, dawo da ita hagu a hankali har ka ji ta fara tauri, sannan ka koma dama kashi ɗaya cikin takwas na juyi, ka ɗaure. Shi ke nan.

Sarƙa lamba 420 ce, tana cikin gidanta na ƙarfe. Kada ka bari a yar da gidan nan don wai yana ƙara, shi ke hana yashi cin sarƙa. In haƙoran sufoka sun yi tsini sun karkata kamar ƙayar sarƙaƙiya, sauya sufoka biyun da sarƙa tare. Lilon sarƙa santimita 1 zuwa 2.

Birki ba wurin tsumulmula ba ne. Ko takalman birkin suna da sauran nama, sauya su, don gam ɗin da ke riƙe fatar ya tsufa, tana iya ɓallewa ta cije taya kana tafe. Ƙurar da ke cikin kwanon kada ka hura ta da baki, na da suna ɗauke da asbestos mai illa ga huhu. Goge da jiƙaƙƙen tsumma. Shafa giris kaɗan a sandar da ke buɗe takalman, kada ya taɓa fatar. Wayoyin birki da na totur, in sili ɗaya ya tsinke, a sauya.

Tayoyi inci 17 ne, 2.25 a gaba, 2.50 a baya. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. In uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta. Ko zanenta sabo ne, roba ta mutu. Sa sabon tib da robar da ke rufe kan sifok. Bi sifok 36 ɗin ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da sufana: mai lafiya zai ce tin, sakakke zai ce ɗub. Gyaran kaucin rim kai wa tsohon mai gyaran keke, sun fi makanikan babur haƙuri a nan. Boris kuwa, wato zoben ƙwallayen da taya ke juyawa a kai, karanta lambar da ke jikinsa ka sayo irinsa. In za ka kwance wuyan babur, shimfiɗa zani a ƙasa, don ƙwallayen a sake suke, za su watse cikin yashi. Ƙirga na sama da na ƙasa. Ƙafar gaba kuma tana da 'yan hannuwa masu lilo a ƙasa. Girgiza taya gefe da gefe, in tana kaɗawa bushin ɗinsu ya ƙare.

Waya

Honda tana da tsarin launi da ba ta cika sauyawa ba: kore na komawa jiki, ja daga batir, ruwan lemo siginar hagu, shuɗi mai haske siginar dama, ruwan ƙasa fitilar baya, kore mai ratsin rawaya fitilar birki. Yawancin matsalar ba wayar ba ce, kawunan ne suka yi tsatsa. Zare kowanne ka goge ka mayar. Kada ka yi yawo babu batir, ko da yake injin zai tashi ba shi. A tsarin bolt 6 batir ne ke shanye rarar wuta, in babu shi kana ba da totur ƙwayayen fitila za su ƙone ɗaya bayan ɗaya. Ka tabbata ƙwan da aka ba ka na bolt 6 ne. Na 12 zai shiga, amma haskensa bai fi na aci-balbal ba.

Abin da babu sabonsa, kamar murfin gefe, gidan sarƙa, ko tambarin gaba, sai yawo: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Katako a Yamai, ko ka ba da saƙo ga masu sayo kaya daga Nnewi. Tafi da tsohon a aljihu ka gwada. C50 da C70 da C90 sun yi kama, amma ba komai nasu ke shiga juna ba.

Fenti

Sai babur ya yi sati biyu yana tashi, yana tafiya, yana tsayawa, sannan a yi maganar fenti. Kafin ka yanke shawara, wanke shi da omo ka goge da man goge mota. Fentin asali da ya ɗan koɗe, a wurina, ya fi sabon da aka fesa har kan kusoshi da wayoyi. In dole sai an yi, a kwance komai, a kankare tsatsa har farin ƙarfe, a sa fentin ƙasa mai hana tsatsa, foti kaɗan. Asalin launin yana nan ɓoye ƙarƙashin kujera ko cikin murfin gefe inda rana ba ta taɓa ba, shi za ka kai wa mai haɗa fenti. A fesa da sassafe kafin iska ta tashi, a yayyafa ruwa a ƙasa. Ranar da hazo ya sauka ko hadari ya haɗu, a ɗaga aikin. A rufe lambar firam da salatif kada fenti ya cike ta.

Farar robar ƙafa ba ta riƙe fenti, ɓarewa yake kamar ɓawon albasa. Wanke ta da omo da soso mai laushi, in ta tsage a ɗinke ta ciki. Ƙarafa masu ƙyalli kuma, dunƙule takardar alminiyam ka tsoma a ruwa ka goga, ƙananan ɗigon tsatsa za su tafi.

Fita ta farko

Sabunta takardu da lamba, ka sa hular kwano. Iska a taya, a ma'aunin psi, wajen 25 a gaba, 28 a baya. Zagaya unguwa tukuna, ka gwada birkin gaba da na baya tun kafin ka kai bakin titi. In an yi borin, kilomita 500 na farko kada ka wuce rabin totur, kada ka ɗauki buhu ko goyo, kuma kada ka bar shi yana silo a tsaye cikin rana, iska ce ke sanyaya shi. Ka zubar da mai bayan kilomita 100 na farko, ka sake a 500, ka sake auna bawul, ka bi notunan inji da na taya da sufana.

In ka dawo gida, shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. Da safe duba inda ɗigo ya faɗi. In ta hagu ne wajen abin sa giya ko bayan ƙaramar sufoka, oyil sil ne, ana zare shi daga waje da bakin sukuddireba a tura sabo da sokat ba tare da an buɗe inji ba. In fetur ne a ƙarƙashin kafireto, allurar fulot ba ta zauna ba. Ƙwanƙwasa kwanon da ƙotar sukuddireba, in bai daina ba sake buɗewa. Cire fulogi kuma ka kalli bakinsa, launin ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa ake so.